Ɗan Takarar da Muka Kasa Kiran Sunansa

Surukata, wadda muke kira Inna, ta yi shekara goma sha ɗaya tana ajiye da wata 'yar jakar fata a ƙasan akwatinta, kuma babu komai a ciki. Jakar hatimi ce. Marigayi mijinta shi ne shaihin masu tsire na Madina tun kafin a kawo ni daga Sudan: shi ke nuna wa kowa inda zai kafa tukubarsa, shi ke raba faɗa in hayaƙin wani ya shiga shagon wani, kuma baladiyya, wato hukumar gari, ba ta yarda mutum ya gasa ko tsinke ɗaya sai da hatiminsa a takarda. Da ya rasu, hatimin ya koma hannun wani dattijo. Jakar kuwa Inna ta ce da hannunta ta ɗinka, ba inda za ta je.

Ranar da aka ce dattijon ya gaji, za a taru a zaɓi wani, Inna ta fito da jakar, ta shafe ta da man zaitun, ta rataye a ƙusa daidai inda baban yara yake zama cin abinci. Kwana uku yana cin tuwo a ƙarƙashin jaka, a na huɗu ya je ya ba da sunansa.

Baban yara, Allah ya ji ƙansa, ya iya tsire. Alhazai suna fitowa daga Harami su bi ƙamshi har tukubarsa. Amma magana? In ya ce maka "madalla" da safe, to ya gama hirar ranar. Abokin takararsa kuwa wani mai gashin baki ne da sabuwar mota, wanda ke iya gaishe ka minti goma bai ja numfashi ba. Masu ɗaga hannu talatin da 'yan kai ne, duk maza. Sai dai kowa ya san wanda ya ɗaga hannu a taro gida zai koma ya ci abinci, shi ya sa matar mai gashin baki ta fara zaga gidaje da faranti na basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa. Haifaffiyar Madina ce, uwarta ma haka. Tana kiran sunan mijinta gatsau kamar mai tsayar da tasi, ta kuma yabe shi har ka ji kunya ta kama ka.

Inna ta ji labari, ta ce in ɗauko abaya.

A nan matsalarmu take. Baban yara ɗan farinta ne, kuma Inna ta ƙauyen Kano ce ta asali, a ƙasa ta zo aikin hajji tana amarya. A shekara arba'in da biyu bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, in ranta ya yi daɗi kuma "wancan". Yabonsa a gaban mutane kuwa, gara ta fita kasuwa ba lulluɓi. Ni ma haka aka rene ni, mace ba ta kama sunan miji. To ga mu nan mu biyu a bayan tasi da kwanon waina a cinya, za mu je neman wa mutum ƙuri'a, babu mai iya faɗin ko wane ne.

Gidan farko a Awali yake, can cikin gonakin dabino, wurin wata tsohuwa 'yar Damagaram mai 'ya'ya biyu masu tsire. Aka kawo gahawa da dabino, aka gaisa har aka gaji, sannan Inna ta gyara zama.

"Kin ji wai wannan yaron ya sa kansa cikin manya? Me ya sani? Ko gaisuwa bai iya ba. Ai ɗan wance shi ne mutum. Ga fara'a, ga mota, ga hankali."

Tsohuwar ta yi murmushi ta dafa gwiwar Inna. "Halas, Hajiya, kin gama magana. Hannu biyu na gidan nan naki ne, in ba haka ba su nemi wata uwar."

Ta gane sarai. A wurinsu haka uwa mai mutunci take roƙo: ta kushe nata, ta yabi na wani, mai ji kuma ya juya maganar da kansa. Inna ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta ce da ni, "Kin ga yadda ake yi, 'yar Sudan? Ki riƙa koyo."

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, irin wannan tsohuwa ba su fi biyar ba a duk gidajen. Sauran duk yaran mata ne haifaffun nan, masu jin Hausa su ba ka amsa da Larabci. A wani gida a unguwar Anbariyya Inna ta zage ta yi aikinta fiye da na Awali. Ta ce yaron nan tun yana ƙarami sakarai ne, ya taɓa faɗawa tukunyar rini. Ta ce ɗan wance kuwa da za a ba ta shi da ta karɓa hannu biyu. Matar gidan ta saurara da idanu waje, ta ɗora hannu a ƙirji.

"Abshiri ya Hala! Wallahi yau zan gaya wa maigidan. Masha Allah, uwa mai faɗin gaskiya ko a kan ɗanta!"

Inna ta ji an kira ta "Hala", wato gwaggo, an kuma ce "abshiri", wato ki kwantar da hankalinki, ta ɗauka an gama. Ni kuwa na gane yarinyar ta ɗauki maganar a miƙe ne. Na matsa kusa da yarinyar na ce, "Ya'ani, Inna tana nufin baban yara."

"Baban waɗanne yara, ya Abla?" ta ce, haka suke kiran babbar yaya. "Faɗa mini. Ai duk suna da yara."

Washegari na yi dabara. Na ɗauko ƙaramin hotonsa, ragowar wanda aka yi masa na takardar zama ɗan ƙasa, ya yi zuru-zuru a ciki kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Duk gidan da muka shiga, in Inna ta gama kushe shi, sai in zaro hoton ta ƙarƙashin abaya in nuna, in ɗaga gira. A gida na uku matar ta karɓa, ta duba, ta fashe da kuka. "Inna lillahi! Yaushe ya rasu?" Kafin magariba mata huɗu sun zo mana gaisuwar mutuwa, ɗaya har da tukunyar shinkafa. Mamacin da kansa ya buɗe musu ƙofa.

Ana saura kwana biyu zaɓe sai ga matar mai gashin baki a gidanmu da farantinta. Ta sumbaci goshin Inna, ta ce cikin Hausarta mai gargada, "Hala, Allah ya saka da alheri. Duk gidan da na shiga sai a ce kin riga ni. Wallahi ko uwarsa ba ta yi masa haka ba."

Tana fita na cire kunya na ajiye gefe. Na ce, "Inna, sati uku muna soya waina muna yi wa ɗan wasu aiki! Ki buɗe baki ki faɗi sunansa sau ɗaya, ki ce shi kike so."

"Ke ki faɗa mana, ai ku ne 'yan zamani."

"Ke kika haife shi."

"Shi ya sa."

Na shiga kicin a fusace, na ce bari ni in gwada. Na rufe ƙofa, na sa kaina cikin babbar tukunya don kada a ji. Wallahi harafin farko kawai ya fito, sauran ya maƙale, na fito da toka a goshi.

An yi taron bayan la'asar a wani gidan shayi kusa da masallacin Anbariyya. Mata ba sa zuwa, amma wata ƙawar Inna tana da bene a tsallaken titi, mai irin tagar nan ta katako mai ƙananan ramuka da kake ganin mutane ba sa ganinka. Nan muka dunƙule muna leƙe. Dattijo ya yi addu'a, ya ce ko akwai mai magana. Wani saurayi ya miƙe ya ce shi dai ba shi da ta cewa, tunda mahaifiyar mutum da bakinta ta shiga gida-gida ta ce ɗanta bai cancanta ba. Aka yi ta gyaɗa kai.

Sai baban yara ya tashi. Na ce yauwa, yau zai yi magana, zai gaya musu kara ce irin ta mutanen da. Ya tsaya yana murza hularsa a hannu, ya ce, "In tsohuwa ta faɗi haka, ta fi kowa sanina. A cire sunana."

Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan ba. Ni na ɗauka ya sani. Ashe ƙato mai furfura a gemu, shekara arba'in da biyu yana jin "sakarai", wani ɓangare na zuciyarsa ya yarda.

Ban ga lokacin da Inna ta miƙe ba. Ƙarar sakata kawai na ji, ta banka tagar har ƙura ta zubo mana a ka, ta zura kai waje ta kwaɗa masa kira. Sunansa na yanka, cikakke, da muryar da sai da tattabarun masallaci suka tashi.

"Zauna! Ɗana ne, na fari, kuma duk cikinku babu kamarsa! Wanda bai gane ba uwarsa ce ba ta koya masa ba!"

Sunan irin wanda kowane gida ke da shi ne, don haka mutum biyar suka waiwayo, har da mai shayi. Shi kaɗai bai waiwayo ba. Bai san sunansa a wannan muryar ba, sai da na kusa da shi ya zungure shi ya nuna masa sama. Ya ɗaga kai, baki buɗe. Inna ta ja tagar ta rufe, ta zauna, ta ce wa ƙawarta shayin nan ya yi sanyi.

Aka ɗaga hannu, muka faɗi da ƙuri'a biyu. Mazan sun riga sun yi wa matansu alkawari, kuma murya daga taga ba ita za ta ba su abincin dare ba. Kafin magariba Inna ta sauke jakar daga ƙusa, ta kai wa uwar mai gashin baki da hannunta, har da guɗa. A hanyar dawowa na ga tana share ido da bakin mayafi, na ƙyale ta.

Mun tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinta, ko takalmi bai cire ba. Na ɗauka faɗuwar ce ta dame shi.

"Inna," ya ce, "ɗazu hayaniya ta yi yawa. Ban ji da kyau ba."

"Ba ka ji me ba?"

"Abin da kika ce."

Ta tsallake ƙafarsa ta shige. Daga ciki ta ɗaga murya: "Ke, zuba wa wannan yaron abinci, yunwa ce take sa shi surutu."

Ta ƙara shekara tara a duniya, ba ta sake faɗa ba. Shi ma bai sake tsayawa takara ba, bai kuma taɓa tambayar ina jakar ta tafi ba. Amma lokacin da aka zo rushe tsofaffin benayen layin nan, ya rufe tukuba da rana tsaka, ya je ya roƙi ma'aikatan, ya dawo gida ɗauke da tagar a ka. Ta fi ƙarfin ƙusar, sai ya jingine ta da bango a wurin, kuma a gindinta ya ci gaba da cin tuwonsa.