Uwar Faranti Ta Ajiye Farar Riga

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaji, Uwar Faranti ta riga ta wanke hannu, ta buɗe akwatin ɗumi. "'Ya'yana, kun tashi lafiya?" Haka take gaida ƙwayoyin halittar ɓera da na mutum da take reno a farantai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girma. Ɗalibai su yi ta dariya, ita ko a jikinta. Ranar da wuta ta ɗauke, akwatin ya fara hucewa, da idonmu muka ga ta naɗe farantan a tawul ta rungume a ƙirji har injin wuta ya tashi.

Aikin nata akwai cin rai. Ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gadon halittarta. Ita kuwa sai ta ɗiga wa 'ya'yan nata sinadarin da ke tsayar da kwafin, ta jira kwanaki, ta rina farantin da shuɗi, ta duba su wa suka tsira. Inda aka ɗiga kaɗan, wasu su farfaɗo. Inda aka cika, fayau. Da irin sinadarin nan ake yaƙar ciwon daji, sai dai ba ya bambance mai lafiya da marar lafiya, duk mai saurin rabuwa kayar da shi yake.

A bakin gadon maigidanta ta fara ganin haka. Magani ya kakkaɓe masa gashi, ya cika masa baki da gyambo, har ruwa ya gagare shi. "Ke da kuke tare da maganin nan kullum," ya ce yana murmushi, "ki koya masa ya san na gida mana." Bai tashi ba. Tana fita takaba ta dawo neman awon maganin da zai kashe mugu ya bar na kirki.

Yanzu tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa, ɗigo ɗaya yana zama biyu. Da kanta ta ce lokacin ajiye aiki ya yi, ga shi awon bai samu ba. Mun ji zafin wannan ƙwarai.

Ke ce mai reno ba goyo, Uwar Faranti. Tun ba ki kai ƙofa ba muke kewarki.

Ranar sallama ta rataye farar rigar, ta juyo. "In kun samu, ku kira ni, ko ina tsakiyar girki. Akwai wanda na yi wa alkawari."

Mun gode, Uwa, Allah ya saka da alheri. Ku da kuka gaji farantan, ku yi haƙuri irin nata, kuma don Allah kada ku bar wayarta ta daɗe shiru.