Notin da Baba ya ɗaura a karkace

Shekarun baya, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, matata ta haifi ɗiyarmu ta fari, ta tafi wanka gidansu a Malumfashi. Da ta yi arba'in, mahaifina ya ce shi da kansa zai tuƙa mu a ɗauko jikarsa, a tsohuwar motarsa da ba ya yarda kowa ya taɓa.

Baba tsohon makaniki ne, rabin masu gyaran mota na unguwarmu a hannunsa suka tashi. Ni kuwa malamin makaranta ne, in an ce in miƙo sifana sai na tambayi wacce. Abu ɗaya na haddace tun ina ƙarami, don kullum yana faɗa wa yaransa: noti da yatsa ake fara shi, sai ya shiga salin-alin sannan a ɗauko sifana.

Ana gobe tafiya ya cire tayar gaba a ƙofar gidanmu a Kambarawa zai sauya fatar birki. Ya kwance ƙarfen da ke riƙe da birkin, ya goge, ya zo mayarwa. Ina tsugune ina riƙe masa taya, sai na ga bai fara notin da yatsa ba, sifana ya ɗora kai tsaye. Notin ya shiga a karkace, ya ƙi gaba, Baba ya zura bututu a sifanar ya danna da ƙarfi har garin ƙarfe yana zuba. Ya miƙe ya ce, "Shi ke nan, sa taya."

Wannan birkin ne zai ɗauko jaririyata gobe. Amma in buɗe baki in gyara wa Baba aikin mota? Ko a mafarki ban taɓa ba. Na sa taya kamar yadda aka umarce ni.

Bayan azahar na hau acaɓa zuwa Ƙofar Durbi, garejin babban yaron aikinsa na da, wanda a lokacin shi ma gemunsa ya fara furfura. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Notin ya hau zare ke nan, bai bi tsagin ƙarhen ba. In ya saki a hanya, sai dai Allah ya kiyaye. To amma kai ɗan cikinshi ka kasa, ni zan hwaɗa ma Maigida? Da wane bakin?"

Muka zauna, gardawa biyu, muna ƙulla dabara kamar waɗanda suka fasa tulu. A ƙarshe ya tono wani ƙarfen mai lafiya daga cikin tarkacensa, ya sa a aljihu da sabon noti, ya ce in riga shi gida, zai zo kamar barka ce ta kawo shi.

Ya zo bayan la'asar, ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da zafi, aka yi barka, har aka taɓa hirar sababbin 'yan siyasa. Ni dai ina ta duban rana. Can ya ce, "Maigida, tunda tahiya za a yi, a bar ni in leƙa ƙahwar motar, in samu albarka."

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Leƙa."

Ya cire tayar ya kwance notin, ya fito da ƙyar, zarensa duk ya cinye. Mutumin ya yi maza ya dunƙule shi a hannu.

"Buɗe hannunka," in ji Baba.

Ya buɗe, kansa a ƙasa. "Ƙarhen ne ya gaji, Maigida. Irin motocin nan haka suke."

"Gyara na koya maka, ban koya maka ƙarya ba." Baba ya karɓi notin ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce, a hankali, "Tun damunar bara yatsun nan ba su jin komai. Ciwon suga ne. Ko maɓallin riga sai na duba nike sa shi."

Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, ban sani ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Da aka fito da ɗaya ƙarfen daga aljihu, Baba ya yi 'yar dariya ya ce ashe barkar da guzuri ta zo. Yaron nasa ya saita ƙarfen zai ɗaura, Baba ya dakatar da shi. Ni ya kira. Ya kama hannuna ya ɗora a kan sabon notin ya ce, "Juya a hankali, ka hwaɗa mani mi kake ji."

Na juya, na ce ya cije. Ya ce in koma baya in sake. Na sake, ya cije. Na sake kuma, sai na ji ya tafi sumul. Na ce, "Baba, yana tafiya da kansa." Ya ce, "To yanzu a ba shi sifana."

Har yau in na tuna, ba tsoron da na ji ne ke fara zuwa mini ba. Abin da ke zuwa shi ne yadda mu biyu muka ɓata yini muna neman hanyar rufa masa asiri, alhali shi ya fi shekara yana ɗauke da nasa shi kaɗai. Kunya tarbiyya ce, ban musa ba, amma ranar na ga tana iya barin tsoho cikin kaɗaici a tsakiyar 'ya'yansa.

Baba bai sake riƙe sifana ba har Allah ya yi masa rasuwa. Amma washegari shi ya tuƙa, ya kai mu ya dawo da mu lafiya. A hanyar dawowa wata akuya ta tsallaka, ya taka birki motar ta tsaya cak. Ya waiga wurin matata da ke rungume da jaririya a baya, ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Mijinki ya ɗaura shi."