Turaren da Fuskata Ta Ƙi

Umma ba ta taɓa sayen turaren wuta ba. Da hannunta take haɗawa a tsakar gidanmu a Azare, bayan damina ta ɗauke. Takan jiƙa itacen hawi, ta soya farce har ƙarninsa ya fita, ta narka sukari a wata tukunya da ba a girki da ita, sannan ta zuba a kwalabe ta tura ƙarƙashin gado, ta ce sai ya yi barci tukuna. Ranar da zan taho Doha karatun digiri na biyu, ta naɗe kwalba ɗaya cikin zani ta cusa a tsakiyar akwatina.

"Ɗakin mace ba ya zama babu hayaƙi, Auta," ta ce. "Ko a ƙasar Larabawa ne. Nasu daban, namu daban."

Na sami ɗaki a unguwar Bin Omran, a wani tsohon bene. Mu biyu ne a gidan, ni da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, Kirista, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Sista nake ce mata. Kowace Juma'a nakan hura gawayi a kasko a falonmu, in barbaɗa turaren, in durƙusa a kai in lulluɓa da mayafi har hayaƙin ya shiga gashina. In na rufe ido sai in ji ƙarar tsintsiyar Umma.

Sai korona ta zo. Aka rufe jami'a, jirage suka daina tashi, titin da ke ƙasan tagata ya yi shiru, sai masu kai abinci a babur. Sista ta koma kwana a asibiti, sai jefi-jefi take leƙo gida. Umma kuwa tsoro ya kama ta, kullum tana kan waya.

"Kina sirace kuwa? Safe da yamma, Auta. Citta, tafarnuwa, lemun tsami, in akwai darbejiya ki sa. Ki rufa da bargo har ki jiƙe sharkaf. Cutar nan ba ta son zafi."

Akwai darbejiya a bakin titinmu. Na tsinko, na tafasa, na dinga sunkuyar da fuskata cikin tururi safe da yamma, don Umma ta sami barci.

A kumatu abin ya fara. Zafi ne kamar an goga mini attarugu, ya lafa, ya dawo. Daga baya ya daina lafawa. Ƙananan ƙuraje suka feso a kumatu da karan hanci, ba irin na 'yan mata masu yin ruwa a matse ba, waɗannan tauri gare su da raɗaɗi. Fatar wurin ta yi duhu, ta kumbura, tana sheƙi. In na sa takunkumi don zuwa kanti, gefensa ya yi ta gurzar wurin, in dawo gida kamar an mare ni.

Ranar da na nuna wa Umma a bidiyo, ta matso da fuskarta jikin waya ta daɗe tana kallo.

"Auta, tsakaninki da Allah, ba man bilicin kika fara shafawa ba?"

"Haba Umma! Ni?"

"To na ga irin ƙunarsa ce. Shi ke nan, na yarda. Nemo kurkur ki kwaɓa da nono."

Na kwaɓa. Bayansa lemun tsami da zuma. Bayansa man habbatus sauda. Da suka ƙi, ta koya mini haɗa dilka, ta ce in murje fatar har matacciyar ta fita. Na murza ina hawaye, hawayen ma suna ƙona ni. Na gaya mata akwai zafi, ta ce, "Zafin shi ne maganin. Ciwon ne yake fita." Na yarda da ita, domin haka aka rene mu: abin da bai yi ɗaci ko zafi ba ai ba magani ba ne.

Sista ce ta dawo wata safiya ta same ni a ƙarƙashin bargo da tukunya. Ta yaye bargon, ta kalle ni, ta riƙe baki.

"Yesu! Ƙanwata, dafa kanki kike yi? Khalas, ya isa haka, tashi. Yalla, maza sa hijabinki, likita za mu je."

Likitar fata ce, mace, ta duba ni da fitila ta bayan gilashin da ta rufe fuskarta da shi. Ta ce sunan ciwon rozeshiya. A farar fata ja yake yi, shi ya sa ake saurin gane shi, a irin tawa kuwa sai ya ɓuya cikin duhu. Ta ce ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. Ta rubuta mini mai, sannan ta shiga faɗin abin da ke tayar da shi: rana, tururi, yaji, shayi mai zafi, gurzar fata, ɓacin rai, hayaƙi, turare.

"Har turaren wuta?" na tambaya.

"Shi ya haɗa uku," ta ce. "Zafi, hayaƙi, ƙamshi."

Da na gaya wa Umma sai ta yi 'yar dariya mara daɗi. "Ciwon da ya hana yaji ya hana turare, to me ya bar miki? Ashe ni na yi ta ƙona ki." Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "Ajiye kwalbar, ba ya lalacewa. In kin dawo zan haɗa miki mai sanyi, wanda ba sai an sa a wuta ba."

Ban koma na same ta ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kira ni bayan an kai ta. Babu jirgi. A waya na karɓi gaisuwa, ni kaɗai a kan darduma, kuma ko kukan ban samu na yi yadda nake so ba, domin duk hawayen da ya gangaro sai ya bar layin wuta a kumatuna. Nakan kwanta rigingine don ya bi ta gefen kunne.

Bayan nan na koyi zaman lafiya da fuskata, kamar yadda ake zama da maƙwabci mai saurin fushi. Na dasa alobera a gwangwani a bakin taga, ina yanka ganye ina sa wa a firji. Koren shayi nake dafawa in bar shi ya huce ya yi sanyi, in tsoma auduga in ɗora a kumatu. Zuma zalla, babu lemun tsami, siririya, in wanke da ruwan da bai yi zafi ba bai yi sanyi ba. Man kaɗanya ɗan kaɗan a inda ya bushe. Man likita kuma ban fasa ba. Miyar kuka na koma sha babu yaji, shayin karak, mai madarar nan da ake sha a Doha, sai ya huce har ya yi fata a sama. A hankali kumburin ya sauka, duhun ya ragu. Kwalbar kuwa tana nan a bisa kantar falo kusa da kasko, inda na bar ta. Ban buɗe ba, ban ɗauke ba. Sista ta san Umma ta rasu, ita ce ma ta riƙe ni, amma ban taɓa gaya mata hannun wa ya haɗa turaren ba.

Lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a nan, an daina sa takunkumi. Gari ya cika da baƙi, kowa ya zana tutar ƙasarsa a kumatu yana rawa a tashar jirgin ƙasa. Ni kuwa ina bin inuwa da lema. Wata la'asar da wata ƙasar Afirka ke wasa, ina dawowa daga ɗakin karatu, ina hawa matakalar benenmu, sai na ji Umma. Ba tunawa na yi ba, jin ta na yi, kamar tana bayan ƙofa ta gama shara.

Na tura ƙofa. Sista da ƙawayenta na coci suna gaban talabijin suna ihu, kasko na tsakiyar falo yana ta hayaƙi, kwalbar a buɗe, an kwashi mai yawa.

"Kai, ƙanwata, kin dawo da wuri!" Sista ta zabura. "Kifi na soya, ƙarni ya cika gida. Na ce kafin ki dawo ya fita. Tsaya a waje, bari in buɗe taga."

"Kar ki buɗe."

"Fuskarki fa?"

"Na Umma ne, Sista. Ita ta haɗa. Babu wani."

Wata ta kashe sautin talabijin. Na ajiye jaka, na durƙusa gaban kaskon, na ja mayafina na rufe kaina da shi. Na san abin da zai biyo baya, tun kafin in rufa na fara jin kumatuna suna ɗaukar zafi. Amma an riga an zuba shi a wuta, ko na shaƙa ko ban shaƙa ba ƙonewa zai yi. Na zauna a ciki har gawayin ya mutu. Babu wadda ta taɓa ni.

Fuskar ta tashi fiye da kowane lokaci. Har aka gama gasar, baƙi suka watse, ban fita ba. Idona ma ya kumbura, kamar an watsa mini yashi. Likita ta duba ta girgiza kai, ta ƙara mini ƙwayoyi, ba ta tambaye ni dalili ba. Wani tabon a kumatun hagu bai koma ba har yau.

Sista ba ta ba ni haƙuri da baki fiye da sau ɗaya ba. Amma wata Juma'a ta zo ta karɓi mayafina ta fita baranda da kasko, ta rufe ƙofar gilashin a tsakaninmu. Ta ɗauki turaren da yatsu biyu, ta ɗaga ta nuna mini ko ya yi yawa. Na girgiza kai. Ina kallo ta turara mayafin, ta shanya ya huce, sannan ta shigo da shi.

"A cinya, ba a fuska ba," ta ce. "Kin ji ni?"

A cinyar na ɗora. Daga nan ƙamshin yake tasowa, siriri, ba ya kai na da. Haka muke yi yanzu, ba kowace Juma'a ba, sai ranar da na kasa daurewa. Turaren ya sauka ƙasa da rabin kwalba. Duk buɗewa yana raguwa, kuma ban taɓa tsayawa na koyi yadda Umma take haɗa shi ba.