Kurar da Ta Jira a Kwance Mata Takunkumi

Maigidana gardi ne, mai wasa da kura, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Matan 'yan canji sukan yi min kallon gefen ido a gidan suna, ni kuwa na san wanda nake aure. Mutum ne da zai tsaya a bakin babbar kasuwar Anacha ya girgiza sarƙa sau ɗaya, 'yan dako su sauke kaya, masu okada su kashe inji. Yana wasa yana sayar da maganin shawara da na sanyin ƙashi. Mun zauna Anacha, mun zauna Asata a Inugu, daga baya muka tare a Fatakwal, bayan kasuwar Creek Road, da gwiwoyinsa suka gaji da yawo.

Kurar ta zo hannunmu ba ta fi mage ba. Wani maharbi ne ya turo ta daga arewa a kwando, cikin motar shanu. Ban tambayi inda uwarta take ba, a lokacin ba ma tambayar irin wannan. Ni na shayar da ita madara da tsumma, ni nake cire mata kaska. Shi yana da ita a fili, ni ina da ita a gida.

Gardawa suna da doka, kuma a kanta ran mai wasa ya rataya. Kura tana yini da takunkumin igiya a baki. In lokacin ci ya yi, a ajiye nama a gabanta, amma ba ta isa ta taɓa shi ba sai an kwance ƙullin da ke bayan kunnenta, an dafa goshinta, an ce mata, "Ci rabonki." In ta yi gaggawa, sanda. Da haka ake samun kurar da za ta ratsa layin mahauta ba ta kai wa kowa wawura ba. Wata biyu maigida ya yi yana koya mata, ni ke riƙe sarƙar. Daga nan ba ta sake kuskurewa ba, shekara goma sha biyar.

Da maigida ya rasu na fita takaba, mai gidan da muke haya ya ce ya yi haƙuri don mamaci, amma yanzu ba namiji a kan dabbar, matan gidan ba sa iya shanya a bayan ɗaki. Gaskiyarsa. Wani gardi ya zo daga Anacha yana so in ba shi ita. Na dubi birin da ya zo da shi, na ga bayansa duk tabon bulala, na ce ya sha ruwa ya kama hanya. Dattawan masallaci suka ce akwai gidan zu a garin, inda ake ajiye namun daji, suna karɓar irin waɗannan. Ban so ba. Na ce wa zai san ta a can? Amma na yi wanka na sa zanena na fita unguwa, na raka ta har ƙofa a bayan mota. Ban yi kuka a gaban kowa ba.

Kwana tara bayan nan, ina tsintar shinkafa da hantsi, aka yi sallama. Mai kula da namun gidan zu ne, wani mai furfura ɗan kudancin Kaduna, Kirista, Hausa a bakinsa kamar ta Zariya.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, 'yarki ta ƙi cin abinci."

Na ce, "Me kuke ba ta? In kifin Fatakwal ne, ni ma shekara nawa ban saba ba."

Ya yi 'yar dariya. "Akuya, Inna. Hanta, kai, har kaza mai rai. Sai ta zauna ta zuba wa naman ido, miyau na zuba, har ƙuda ya rufe shi mu kwashe. Likita ta duba haƙori, ta duba ciki, ba ta ga ciwo ba. In aka ƙara kwana uku a haka, ban san me zan zo in gaya miki ba."

Na bar shinkafar a faranti muka hau keke mai ƙafa uku.

Wurin da suka sa ta ya fi tsakar gidanmu girma sau biyu. Ga ciyawa, ga kwatamin ruwa, ga inuwar bishiya. Raina ya ɗan sosu da na ga haka, don a wurina kejin katako take kwana, tsawonsa bai fi tabarmar salla ba. Tana kwance a lungu, ƙasusuwan kwankwasonta a waje. Ba sarƙa, ba takunkumi. Ban taɓa ganin fuskarta tsirara a cikin rana haka ba, don ni kullum a duhun keji nake kwance mata.

Likitar ta iso, mace ce 'yar ƙasar, da takalmin roba. Ta yi magana da turancin kasuwa, ina tsintar rabi, mai kula yana cika min. Ta nuna min kan hancin kurar, inda wani layi ya zagaye baki, ba gashi, fatar ta yi kauri ta lotsa kamar bakin rijiya da igiya ta ci. Ta nuna wuyan, shi ma haka. Ta ce ranar farko suka cire igiyar, kuma ba za a sake sa wa dabbar nan komai a baki ba.

Na ji zafin maganar. Na ce wa mai kula, "Gaya mata ni na raini kurar nan tun ita likitar tana 'yar makaranta. Ba ta taɓa kwana da yunwa a hannuna ba."

Ya ce, "Ba zagi take yi ba, Inna."

"Na san zagi in na ji shi."

Ana cikin haka aka tura cinyar akuya ta ƙarƙashin ƙarfe. Kurar ta tashi da kyar, ta zo gaban naman, ta zauna. Sai ta juya kai gefe, ta miƙo bayan kunnenta wajen da nake tsaye.

Sai a lokacin na gane. Kwana tara tana miƙa kunnen nan ga mutanen da ba su san me take roƙo ba. Sun cire takunkumin don tausayi, ita kuwa in ba a kwance ba, ba a ba ta izini ba, kuma babu abin da za a kwance.

Na ce, "Ina igiyar? Ku ɗauko min."

Likita ta ce a'a. Na bayyana wa mai kula dokar gardawa tun daga farko, har da sandar, har da cewa ni ke riƙe sarƙa. Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai ranar. Ya juya mata maganar da turanci. Sai ta aika aka tono takunkumin daga cikin shara.

Ba su yarda in shiga ba. Ta tsakanin ƙarafa na zura hannu, ta kawo kai da kanta, na ɗora mata igiyar sako-sako, na ɗaure, na kwance. Na dafa goshin. Na ce mata:

"Ci rabonki."

Ƙarar ƙashi a bakinta har wajen birai ana ji. Mai kula ya cire hula ya goge fuska da ita.

Sati uku ina zuwa kullum. Likita ce ta tsara yadda za a yi. Da farko ni ke ɗaurawa in kwance. Sai mai kula ya karɓa, ina gefe ina gyara masa, don tsoronta yake ji, na ce da shi ko amarya ta fi shi ƙarfin hali. Daga nan aka daina ɗaurawa, sai a taɓa mata igiyar a kunne. Daga nan sai kalmar kaɗai, daga nesa. Wata Laraba ruwan sama ya hana ni fita, washegari ya tare ni a ƙofa yana murna, ya ce jiya ta ci ba wanda ya ce mata komai.

Muka ƙarasa tare, aka tura nama. Tana ganina ta bar shi, ta zauna, ta miƙo kunne.

Aka gwada kwana huɗu. Ranar da ba na nan ta ci da kanta, ranar da na zo ta jira. Likita ta kira ni ofis ta ba ni kujera, ta fara kewaye-kewaye, mai kula ya rasa yadda zai juya min. Na ɗaga musu hannu.

Na ce, "Ba sai kun faɗa ba. In dai tana ganina, a ɗaure take."

Ya ce, "Ko daga bayan bishiya ne, Inna, kya riƙa leƙenta."

"Kura ce fa, ɗan nan. Tun ina bakin titi ta san na zo."

Ban koma wajenta in yi sallama ba, don a lokacin tana kan cin abinci. Ta ƙofar baya na fita.

Ta yi shekara biyu da wani abu a can. Mai kula yakan biyo ta unguwarmu ranar Lahadi in ya taso daga coci, ya zauna a bakin ƙofa ya ba ni labari. Ya ce ta yi ƙiba. Ya ce ta koyi kwanciya a cikin kwatamin ruwa in rana ta yi zafi, 'yan makaranta suna taruwa suna kallo. Shekara goma sha biyar tana hannuna ban san tana son ruwa ba.

Ranar da ya zo ba Lahadi ba, na gane tun kafin ya zauna. Ya ce tsufa ne, ba ta wahala ba. Na tambaye shi ko ta ci abincinta na ƙarshe. Ya ce ta ci, har ta ɓoye ragowar a cikin ruwa don gobe.