Na Je Gidan Rediyo Na Sa Aka Cire Waƙar Ɗana

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar Asabar, mun dawo daga sallar La'asar ke nan. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da mai ɗakina, da ɗanmu na biyu. A kan benci akwai rediyo da biro da takarda mai layi. A wannan zama ne na ƙulla abin da har yau na kasa kwancewa, shi ya sa na rubuto wa wannan mujalla, duk da cewa rubutu ba sana'ata ba ce.

Bari in fara da ko ni wane ne a lokacin. Tsohon soja ne ni. Na ajiye aiki da igiya uku, na buɗe shagon tireda kusa da barikin Shadawanka a nan Bauchi, inda kowa yake kira na Baba Saje. Bokona bai wuce firamare ba, sauran ilimin a filin fareti na same shi. Abin da na koya a can shi ne komai na duniya a kan layi yake. Kurtu yana bayan kofur, kofur yana bayan saje. Ba a ƙara wa mutum igiya sai ya yi abin ƙari, ba a kuma cire masa sai ya yi laifi. Haka na tafiyar da gidana, haka na jera gwangwanayen madara a shagona, babba a baya, ƙarami a gaba.

Ɗan nawa yana da shekara ashirin da uku, ya gama difloma, kuma ba shi da raini ko yawon banza. Aibinsa ɗaya a idona shi ne waƙa. Ya shiga sitidiyo ya yi wata waƙa, ya ce ita ce hanyar da yake so ya bi. Ni kuwa so nake ya karɓi shagon, don gwiwoyina sun fara ba ni labari. A ranar na ce masa ban san sana'ar da ba ta da ma'auni ba. Ɗalibi yana da sakamako, soja yana da igiya, to shi mawaƙi da me ake gane ya iya? Sai ya ce akwai wani gidan rediyo a garin nan da yake jera waƙoƙi goma da suka fi tashe duk Asabar da ƙarfe huɗu da rabi, daga ta goma har ta ɗaya. Da na ji an ce jeri, sai hankalina ya kwanta, na ce to yanzu muka zo magana. Na sa ya rubuta sharaɗi da hannunsa: mako takwas na ba shi. Idan waƙarsa ta shiga ukun farko, na sake shi da albarka. Idan ba ta shiga ba, ya bar waƙa har abada. Ya sa hannu, na sa, na ce mahaifiyarsa ta dangwala. Ta dube ni ta ce ita ba ta taɓa ganin uban da ya ɗauki ɗansa aikin soja a cikin gida ba, amma ta dangwala.

Na sayi littafi na musamman na ja masa layi. Duk Asabar ina zama da biro, ina rubuta sunan kowace waƙa da lambarta. Da an faɗi lambar tasa an sako kiɗan, sai in rage murya in duƙufa a kan littafi, don ni sakamako nake jira, ba kaɗe-kaɗe ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Mako na farko waƙar ba ta fito ba. Mako na biyu ta shigo ta goma. Na uku ta zama ta takwas, na huɗu ta biyar. Har na fara jin wani abu mai kama da alfahari, amma ban nuna ba.

A mako na biyar aka ce ta koma ta bakwai. Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na kira shi na tsayar da shi a gabana na ce ya faɗa mini laifin da ya yi aka rage masa matsayi. Ya ce bai yi komai ba. Na ce to ya canza wani abu a waƙar ne? Ya ce ita ce dai ta makon jiya, ko wasali ɗaya bai taɓa ba. Na ce abu bai canza ba, ta yaya zai fi kyau ranar Asabar ɗin can, ya rage kyau ranar Asabar ɗin nan? Ya ce sababbin waƙoƙi ne suka fito. Na ce in sabon kurtu ya shigo bariki, ai ba a cire wa saje igiya a ba shi. Ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ya ce, Baba, wannan ba bariki ba ne. Ban gane ba, kuma girman kai bai bar ni na sake tambaya ba. A mako na shida waƙar ta yi tsalle ta zama ta huɗu. Saura taki ɗaya, saura mako biyu.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na dawo daga masallaci da wuri, na ji hayaniyar mata a ɗakin mai ɗakina. Na yi gyaran murya na leƙa. Faranti na gani cike da wayoyi, mata kuma sun kewaye shi, waɗanda suke haɗuwa da ita wurin injin niƙa, har da maƙwabciyarmu 'yar zumuntar mata a coci, wadda muka yi shekaru katanga ɗaya. Kowace tana ɗaukar tata tana tura saƙo. Na tambayi abin da ake yi. Maƙwabciyar ta kwashe da dariya ta ce ai yaronmu ake zaɓa, ni ma in kawo wayata in daina tsayuwa kamar ana fareti. A ranar na fara sanin cewa da saƙonnin masu sauraro ake jera waƙoƙin. Ni duk zatona akwai wasu manya masana a gidan rediyon da suke zama su auna kowace waƙa, kamar masu duba takardar jarrabawa.

Raina ya ɓaci. Na sallami matan. Na ce wa mai ɗakina wannan satar amsa ce, maguɗi ne, kuma a cikin gidana. Ta ce kowace mace da wayarta ta tura, sau ɗaya, kuma babu wadda aka ɗora wa bindiga. Son waƙar suke yi. Ta ce mawaƙan manyan garuruwa ƙungiyoyin masoya gare su da suke yin haka duk mako, shi nata ɗan ba shi da kowa sai matan injin niƙa, shi ne zan yi masa baƙin ciki? Na ce mata sakamakon da uwa ta sa wa hannu ba sakamako ba ne. Ta ce, Saje, ka bi a hankali, ba kowace ƙwarya ake aunawa da mudunka ba. Ban saurare ta ba.

Washegari Asabar da ƙarfe tara na safe na sa kaftanina na Juma'a na tafi gidan rediyon. Na jira a bakin ƙofa har aka haɗa ni da mai gabatar da shirin, wani matashi mai fara'a. Na ce masa na zo kai ƙarar gidana ne. Da na gama bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, Baba, ai haka ake yi, wannan shi ne zaɓen. Na ce to wa yake tabbatar da cewa ta ɗaya ta fi ta biyu kyau? Ya ce babu kowa, abin da mutane suke so a makon ne kawai. Na ce idan sun so ta yau, me zai sa su ƙi ta jibi? Ya ce gajiya suke yi. Na ce ashe abin kirki ma ana gajiya da shi? A nan ni kaina na rasa inda na dosa. Da na tsaya a nan da na tsira. Amma na riga na fito da niyya, kuma a tarbiyyata wanda ya fara maci ba ya juyawa. Na rubuta takarda a matsayina na uba, na ce ban yarda da ƙuri'un ba, a cire waƙar. Ya roƙe ni, ya ce yaron yana da baiwa kuma saura ƙiris. Na dage. Ya kai wa shugabansa, shi kuma ya ce ba sa son rigima da iyaye, a yi yadda na ce.

Mako na bakwai aka karanto goma babu ita. Ɗana ya kira gidan rediyon, aka gaya masa dalili. Ya ajiye wayar ya koma shago. Mako na takwas ma babu ita. Ƙarfe biyar da rabi, da aka rufe shirin, na ɗauko takardar sharaɗi na karanta masa daga sama har ƙasa. Na zaci zai yi gardama, har na shirya amsoshi guda uku. Bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce ko na taɓa jin waƙar daga farko har ƙarshe? Na ce wannan ba ya cikin sharaɗi. Ya ce to, ya ji, Allah ya huci zuciyata. Ya zauna a shago wata biyar, yana ba da canji daidai, yana jera kaya yadda nake so, amma ko gunguni ban sake ji daga bakinsa ba. Bayan nan ya nemi izini ya tafi Jos koyon gyaran waya. Ban hana shi ba, don ba shi da laifin da zan rubuta.

Shekara biyu bayan haka na je Gwallameji duba wani tsohon abokin aikina da ba shi da lafiya. A hanyar dawowa na shiga keke, muka tarar da cunkoso, muka tsaya cak. Mai keken ya kunna waƙa. Muryar na fara ganewa. Babu maɓallin da zan rage, babu littafin da zan duƙufa a kai, dole na ji. Waƙar tana ba da labarin wani uba ne da ba ya dariya, wanda kullum bayan sallar Asuba yake tattara takalman makaranta na 'ya'yansa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami, ya bar yaran suna zaton uwarsu ce take yi. Mai waƙar ya ce shi yana kallo ta taga tun yana ɗan shekara shida, kuma bai taɓa faɗa ba, don kada uban ya ji kunya ya daina. Jama'a, ni ne mai goge takalman nan. Ban taɓa sanin akwai wanda ya gani ba. Matar da take zaune kusa da ni tana bin waƙar a hankali, ta juyo ta ce, Baba, lafiya? Na ce hayaƙin mota ne ya shiga mini ido.

Na tambayi mai keken ko wannan tana cikin goma na mako. Ya ce ina, ai ta daɗe, waƙar takalma ce, ita ba ta tsufa. Ya ce ran da aka yi walimar ritayar kawunsa a Inkil sau uku aka maimaita ta. Da na isa gida na buɗe littafina, na duba wadda ta zo ta ɗaya a makon da aka cire tasa. Kwana uku ina tambayar masu zuwa shago ko sun san ta, samari da 'yan mata, babu wanda ya tuna ta sai mutum ɗaya, shi ma da ƙyar. To a nan ne kaina ya ƙara kullewa, kuma har yau bai buɗe ba. Ta ɗaya ta ɓace, wadda aka cire daga layi tana yawo a keke. Idan jerin gaskiya ne, me ya sa haka? Idan kuma ba gaskiya ba ne, a kan me na yanke wa ɗana hukunci? Ni da na je gyara maguɗi, ashe ni kaɗai ne na sa hannu aka canza sakamako.

Na kira shi a waya. Na ce na yaga takardar, ya koma waƙarsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gwiwoyina, sannan ya ce takarda ce na yaga, amma shi baki ya ba ni, kuma ni na koya masa cewa namiji ba ya lashe abin da ya tofar. Na buɗe baki in ce masa na ji waƙar, harshena ya ƙi. Shekara talatin ina ba da oda, ban iya wannan jimla ɗaya ba. Sau huɗu ina kira, sau huɗu muna ƙarewa a kan gaisuwa da farashin kaya. Mai ɗakina ta ce ba za ta isar mini da saƙon ba, wanda ya kai kansa gidan rediyo ya san hanyar Jos.

Abin da na koya ba shi da yawa, don har yanzu ban gama fahimta ba. Na farko, kada uba ya ɗora rayuwar ɗansa a kan ma'aunin da bai san yadda ake auna shi ba. Jerin mako na mako ne, Asabar ta kawo, Asabar ta kwashe. Na biyu, kafin ka tambayi lambar da ɗanka ya zo, ka fara duba abin da ya yi. Minti biyar ne tsawon waƙar nan. Na ba ta mako takwas, na hana ta minti biyar.

Na yanke shawara zan hau mota in je da ƙafata, amma ina tsoron in isa harshen ya sake ƙi. Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan kana Jos, kuma ka san wani dogon matashi ɗan Bauchi mai gyaran waya, wanda yake jera sukurori a kan teburinsa daga babba zuwa ƙarami, don Allah ka miƙa masa wannan shafi. In ba zai karanta ba, ka gaya masa da bakinka cewa babansa ya ji ta, daga farko har ƙarshe.