Yadda Na Kai Ticha Boti a Tsakiyar Rani

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Maamobi ta Ankara, ni da aminina, tsohon malamin makarantar da kowa a Nima ke kira Ticha.

Shekara talatin ya yi yana koya wa yara waƙoƙin wasu Turawan da, waɗanda hayaƙin birni ya isa, suka fita tsauni da bakin tafki suna kallon gajimare suna rubutu. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, fatawata a kansu ɗaya ce: duk wanda zai tsaya gaban fure har ya yi hawaye, ba shi da shago ne. Shi kuwa mai koyarwar, ruwa mai gudu da ya sani shi ne na babbar kwatar Nima. Bana likita ya ce idonsa na dama ya tafi, na hagu yana haɗa kaya. Sai ya roƙe ni in kai shi Boti ya ga ruwa na faɗowa daga dutse, tun da sauran gani.

A unguwar Madina, bakin gari, muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar shi ma ciwo yake. Da torotoro, motar hayar da muka shiga, ta fara hawan tsaunin Aburi, iska ta yi sanyi, Ankara ta kwanta can ƙasa. Ticha ya manna goshi a gilashi ya ce kore kawai yake gani, amma koren ya yi yawa. Mata na bin mota da abarba, uku sidi ashirin. Daga Koforiduwa muka ɗauki tasi, hanya rabi kwalta rabi addu'a.

Mai tsaron ƙofar Boti, wani dattijo, ya dube mu ya riƙe haɓa.

"Alhaji, wa ya aiko ku a watan nan? Ruwa sai damina."

A nan na san mun yi wautar 'yan birni. Mu a Zango, ruwa abu ne da ake buɗewa a famfo. Bai zo mana ba cewa dutse ma yana da rani.

Ticha ya ce mu sauka. Matakala ce mai tsawo, ina ƙirga masa ɗaya-ɗaya, gwiwoyina suna tsine mini. A ƙasa muka tarar da bangon dutse baƙi, da wani zaren ruwa da bai fi na bakin buta ba.

"Yaya yake?" in ji shi.

Na ce, "Kai, Ticha, fari fat, kamar an zazzage auduga daga sama!"

"Alhaji, ido na rasa, ba kunne ba. Ka ji tsoron Allah."

Ya ce in matsa da shi. Ya dafa dutsen, ya kai fuska dab da shi, ya daɗe yana duban gansakuka da wani ɗan ganye da ya fito daga tsaga. Ya tara hannu, ruwa ya taru da ƙyar, ya yi alwala. Sannan ya ce Turawan nan nasa masu waƙa ba girman abu suke bi ba. Zama suke yi gaban abin da Allah ya halitta har surutun zuciya ya mutu, sai su rubuta abin da ya rage. Ya ce shekara talatin yana sa yara hadda, bai taɓa fitar da su sun zauna haka ba.

Muka zauna. Tsuntsu ya yi kuka, ganye ya faɗo. Ban ce uffan ba har azahar, abin da matata ba za ta yarda ya faru ba.

Mun shigo Maamobi ana kiran magariba, ƙarar injin niƙa da hon suka tarbe mu. Abin da na koyo: mai son ganin ruwa ya tambayi manomi, kuma kada ka yi wa aboki kwalliyar abin da Allah bai nuna ba.

A ƙofar gidansa na ce za mu koma da damina. Mu duka mun san idon ba lalle ya kai ba.

"Za mu koma," in ji shi. "Ni in ji, kai ka gani. Amma abin da ke wurin za ka faɗa mini."