Wudil Zuwa Kano da Surukina a Kujerar Gaba

Wudil, ƙarfe shida saura kwata

Ana idar da sallar Asuba na fito da motar. Tsohuwa ce, ni ma ba yaro ba ne, mun san halin juna. Aikin ranar ɗaya ne: in ɗauko surukina Malam Hadi a Indabo, in kai shi asibitin ido a Kano kafin ƙarfe tara. Wata huɗu yana jiran a cire masa yanar da ta rufe masa ido, kuma an ce wanda ya makara sai ya sake bin layi.

Bari in faɗi wani abu tukuna. Bara da aka sace motar maƙwabcina na sa aka yi wa tawa sikiriti, wani ɗan makunni da in ba a danna shi ba mai ba ya zuwa inji. Duk sanda aka kashe mota sai an sake dannawa. Mai wayarin ya ce ɓarawo ɓangaren direba yake lalube, sai ya ɓoye shi a gindin kujerar mai zaman banza. Daga ni sai matata Hajara muka sani.

Indabo, shida da minti ashirin

Na kashe mota, don gaisuwar gidan surukai tana iya shanye lita guda. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, aka bi gajiya, aka bi yara ɗaya bayan ɗaya, aka bi damina. Kafin in fito, ƙarti uku sun ciccibi Baba sun sa shi a gaba, saboda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Ya baza babbar riga, ƙafafunsa sun rufe wurin ruf.

Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yau kuma in zura hannu tsakanin ƙafafunsa, jama'a na kallo? Na murɗa makulli haka nan. Ta yi ta kuka, ba ta kama ba.

"Lafiya, Malam Garba?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Sanyi ne ya kama ta."

Na buɗe bonet da fatan zai ce a sauke shi ya sha iska. Bai sauka ba, sai ma gari ya taru. Wani ya ce fulogi ne. Wani ya shinshina tanki ya ce an gauraya min mai da kananzir. Ladan ya ce a tura. Aka tura ta har bakin makabarta, aka turo ta baya, Baba na ciki yana jan carbi. Ni na san ko Maiduguri za a tura ta ba za ta tashi ba, amma ina ta taka kuloci kamar mai gaskiya.

Ƙarfe bakwai da kwata aka taso Ɗanlami mai gyaran injin ban-ruwa. Ya zare tiyo ya zuƙa da baki, ya tofar.

"Kawu, yaushe rabonka da canza famfon mai?"

"Kai dai duba."

"Sai an sauke tanki. Zuwa Azahar na gama."

Na ce masa ko zai yiwu a rage wa motar nauyi a gaba. Ya ce ba ruwan nauyi da wannan, wa ya koya min mota. Na dubi agogo, gumi ya jiƙa min hula. Na ce a raina idon bawan Allah ya fi kunyata, na zagayo, na tsuguna a ƙofarsa, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Baba, ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Koma ka sake gwadawa."

Na koma. Ɗanlami ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir sau biyu, na murɗa, mota ta tashi. Aka yi kabbara. Ɗanlami kansa sai da ya juya dutsen ya duba.

Hanya, bakwai da rabi

A gadar Wudil jami'ai suka leƙo, suka gaida Baba, suka ɗaga mana hannu. Kilomita arba'in da wani abu ne zuwa Kano, ban tsaya ko'ina ba. Ina tuƙi ina tunanin dutsen nan. A Mariri tirela ta tare hanya minti goma. Tara saura minti bakwai muka miƙa kati a asibiti. Da aka shiga da shi na ruga bayan katanga na ci gurasa ta ɗari biyar a tsaye.

Kano, bayan La'asar

Na je karɓo maganin ɗigawa, na dawo na tarar ma'aikata sun riga sun sa shi a gaba, ido ɗaure da bandeji. Na zauna na riƙe makulli, ina satar kallon ƙafafunsa.

Baba ya juya fuska waje ya ce, "Murɗa, na taka."

Na murɗa. Ta tashi.

"Tun bara yarinyar nan ta gaya min," in ji shi. "Da safe na yi shiru ne don kada ka san ta faɗi sirrin gidanka. Da na ji ana maganar Azahar, na ce to ku yi rigimarku, ni dai idona." Ashe da diddige ya danna.

Gida, gab da Magariba

Na sauke shi a Indabo ba tare da na kashe mota ba. A gida na tambayi Hajara wa da wa ta gaya wa. Ta ce Baba ne kawai, sai Inna, sai mai yi mata kitso.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ido kuma ya buɗe, yanzu Baba yana gane ni tun daga nesa, abin da ya ƙara min wahala. Mutanen Indabo da suka tura mota a banza, Allah ya saka da alheri, ku yafe ni. Ɗanlami kuma na ji har daga Achika ana kawo masa motoci, ya ajiye dutsen a cikin akwatin kayan aikinsa.